Manyan jirage marasa matuƙi da gobarar dajin arewacin Damagaram

Laminu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tunda ciyawa ta fara bushewa a arewa kuma kowa ya san abin da ke biyo baya, ina son mu tattauna wani abu. Akwai manyan diron, wato jirage marasa matuƙi, da ake ta gwadawa a ƙasashen waje don kashe gobarar daji, ba irin ƙananan nan na ɗaukar hoton biki ba, manya masu ɗaukar kaya. A Amurka tun 2015 aka gwada wani helikofta mai suna K-MAX a jihar Aidaho ana sarrafa shi daga ƙasa, da matuƙi zaune a ciki don ko-ta-kwana kawai, ya ɗebo ruwa ya zuba a inda aka nuna masa, shi kuwa yana ɗaga kaya wajen kilo 2,700. A Ingila a 2024 'yan kwana-kwanan Lankasha sun gwada jirgin kamfanin Windracers mai ɗaukar kilo 100 yana yawo yana neman wuta da kansa. To mu da kowace shekara makiyaya ke kuka a Tanut da Belbeji da Tasker mi zai hana a kawo mana irinsu ko guda biyu ne a gwada?

Alhaji Sale: Wa alaikumus salam. Magana mai kyau Laminu, Allah ya yi albarka. Ni dai duk abin da zai tsare ciyawar nan ina goyon bayansa, don in ta ƙone mu ma da ke gari muna ji a jikinmu, kuɗin rago ya tashi, nono ya yi wuya.

Malam Isufu: Laminu ɗana, kafin mu yi nisa faɗa mini, ruwan da zai zuba daga ina zai ɗebo shi?

Laminu: Baba ai akwai tabkuna da rijiyoyi, ko a kai sitan a ajiye kusa.

Malam Isufu: To bari in yi maka bayani yadda na gani a aikin gandun daji kafin in yi ritaya. Gobarar arewa ba ta tashi sai ciyawa ta bushe ƙarau, daga watan 10 zuwa watan 2, lokacin ƙananan tabkuna sun fara ƙafewa, waɗanda suka rage kuwa dabbobi ne a kansu dare da rana. Rijiyoyin can masu zurfi ne, raƙumi ko jakuna ke jan wasaki, mutum ya yini bai gama shayar da garkensa ba. Ka je ka ce masa ya matsa za ka cika jirgi? Sitan kuma a cikin rairayin Tasker ba ta tahiya yadda kake zato, sai ta kafe a yi ta haƙa. Jirgin Canadair da kuke gani a telebijin yana kashe wuta a Faransa da Kanada lita 6,000 da 'yan kai yake ɗauka a tashi ɗaya, ya shafi bayan tabki cikin daƙiƙa 12 ya cika ya koma. Sirrinsa ke nan, babban ruwa a kusa. Mu nan cikin Damagaram ma kun san yadda ake da ruwa a watan 4 da na 5, layin bido a kowace fanfo daga Birni har Garin Malam.

Mahamadu mai gyaran salula: Gaskiya Baba ya taɓo inda yake. Ni na ɗan bibiyi wanda ake iya saye a kasuwa, DJI FlyCart 30, kilo 30 yake ɗauka in an sa masa batir biyu ya yi kilomita 16, in batir ɗaya ne ya ɗauki kilo 40 amma kilomita 8 kawai. Wato bido ɗaya na lita 25 da ɗan ƙari ke nan, shi kuwa Canadair tashinsa ɗaya ya fi bido 240. Kuɗinsa a Sin lokacin da ya fito a 2023 yuwan 125,000, kusan miliyan 10 na sefa, ban da kuɗin kawowa da duwan.

Laminu: Amma yaya Mahamadu ai ba a ce ya kashe wutar da ta riga ta cinye daji ba, tun tana ƙarama ake so a cim mata. Akwai ma gasar XPRIZE da aka buɗe a 2023 ta dalar Amurka miliyan 11, sharaɗin ɓangare ɗaya na gasar shi ne na'ura ta gano wuta a cikin fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,000 ta kashe ta cikin minti 10 ba hannun mutum. In wuta ba ta wuce gindin murhun shayi ba lita 30 ai ta isa.

Bubakar Belbeji: Laminu ka taɓa ganin wutar karangiya in iskar gabas na kaɗawa? Ba ina raina maganarka ba ne wallahi, tambaya ce. Mu can wuta ba ta tsayawa ƙarama, yaro ya dafa shayi ya tashi bai binne garwashin ba, ko direba ya jefar da guntun sigari, ko masu farautar gafiya su sa hayaƙi a rami, kafin ka ɗaure sirdi ta yi nisan da mai doki ba ya cim mata. Na ga wata a yammacin garinmu, da la'asar aka hango hayaƙi, maza suka fita da rassan itace da buhunan da aka jiƙa da shebur, wasu da rigunansu ma suke bugu, kana bugun nan tana tsallakewa can, ƙafafun mutane duk ƙayar karangiya, idanu sun yi jawur. Mata na kwashe tantuna suna ɗora wa jakuna, yara na kora awaki wajen da ta riga ta ci don can ne kawai ba za ta dawo ba. Sai tsakar dare da iska ta kwanta aka samu kanta. Washegari ƙasa baƙi ƙirin iyakar ganinka, kawuna ya tsaya yana kallo bai ce komai ba, sati bai cika ba ya kama hanyar kudu da shanunsa wata huɗu kafin lokacin da ya saba, gonakin mutane kuma ba a gama kwashe kara ba, kun san abin da hakan ke jawowa tsakanin manoma da makiyaya.

Hajiya Rabi: Innalillahi. Allah ya tsare gaba Bubakar. Mu masu kiwon turka a gida a shekarar da aka yi gobara da yawa damin ciyawa sai ya gagare mu tun kafin bazara, amalanke ya shigo gari a yi masa caa.

Ibro daga Kanada: Salam 'yan uwa, yanzu na tashi daga aiki na tarar da hirar. Akwai abin da Bubakar ya faɗa da ya kamata a riƙe, wato da dare aka ci ƙarfinta. A nan ma abin da ya sa ake son manyan diron ɗin ke nan, jiragen da mutum ke tuƙawa yawanci in duhu ya yi ko hayaƙi ya yi yawa sauka suke, alhali lokacin ne iska ke kwanciya wuta ta yi sanyi. Diron ba ruwansa da duhu, yana da kyamara mai ganin zafi, ko garwashi ne a ƙarƙashin toka zai nuna shi fari tas a allo. Kuma yawancin aikin da suke yi a zahiri yanzu ba zuba ruwa ba ne, na ruwan har yau gwaji ne ya fi yawa. Abin da ya riga ya zama aikin yau da kullum shi ne leƙen wuta, sai kai wa ma'aikata kaya, sai kuma kunna wuta da gangan.

Hajiya Rabi: Kunna wuta kuma Ibro? Ana neman kashewa?

Ibro daga Kanada: E Hajiya. Akwai na'urar da wani kamfani na jihar Nebaraska ya yi, Drone Amplified, sunanta IGNIS. Ƙananan ƙwallaye ne na roba cike da farmanganat, hodar nan mai launin shunayya da ake jiƙawa a wanke ƙurji, in za a saki ƙwallo sai allura ta tsira masa wani ruwa, ya faɗi ƙasa, bayan kamar rabin minti ya kama da wuta. Diron ya bi layi yana zubar da su ɗaya bayan ɗaya, ciyawar gaban gobara ta ƙone, in babbar ta iso ba ta tarar da abin ci ba. Da helikofta ake yin wannan aikin yana tahiya ƙasa ƙasa cikin hayaƙi, an yi hatsari an rasa rayuka a Misisifi a 2015 da Tekzas a 2019, shi ya sa hukumar gandun dajin Amurka ta ƙara karkata ga diron.

Malam Isufu: Yauwa, yanzu aka zo wajen da na sani. Tarar wuta da wuta ai mun daɗe muna yi, da tsumma a bakin sanda ake bi da ƙafa. Amma Ibro ka san ba a yin ta sai da abin jingina. Dole akwai layin da aka share tas, ka kunna daga bakinsa wutarka ta tahi ta tari waccan, in ba layi to ka ƙara gobara ta biyu ne kawai, kuma in iska ta juya mai kunnawar ne farkon wanda za ta ci. Shi ya sa kullum maganata ɗaya ce, layin kare gobara. Da an gama ruwa, watan 9 zuwa na 10, mutanen gari su fito da manjagara su share hanya mai faɗin mita 15 zuwa 20 ta gitta iskar gabas, kilomita bayan kilomita, a biya su kuɗin aikinsu, ciyawar da aka kwashe a tara ta a ajiye. Gobara ta zo ta tsaya a baki ko ta rage ƙarfi har a iya bugunta. Matsalar ba a rasa sanin wannan ba, kuɗin ne ke zuwa a makare, sai a watan 12 ka ga an fara sharar layi bayan rabin dajin ya tahi. Miliyan 10 ɗin da Mahamadu ya ambata, in aka ba ni zaɓi tsakanin jirgi ɗaya da sharar layi a kan lokaci, ba zan yi dogon tunani ba.

Laminu: Baba to kenan mu zauna da manjagara har abada? Ruwanda tun 2016 kamfanin Zipline ke kai jini asibitocin ƙauye da diron, Gana ta bi a 2019, Kaduna nan kusa da mu ma sun fara a 2022. Lokacin da aka fara ai cewa aka yi ba zai yiwu a Afirka ba. Mu ma muna da ɗan ƙasa Abdul Aziz Kunce da ya kafa Drone Africa Service a Yamai yana haɗa nasa, har an yi taswirar sansanonin 'yan gudun hijira a Difa da su. Ni abin da ke damuna shi ne kullum sai an gama gwaji a wani wuri an ƙera abu daidai da dajin wasu sannan a kawo mana mu ce bai dace da mu ba. In ba a gwada a cikin hazonmu da rairayinmu ba yaushe za a yi wanda ya dace?

Malam Isufu: A nan kam kana da gaskiya ɗana, ban ƙi gwaji ba. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki kuɗin layi a sayi jirgi.

Mahamadu mai gyaran salula: In za a gwada ɗin to a fara da batir don nan ne zai ba da kunya. Batirin litiyom ba ya shiri da zafi, kullum ana kawo mini salula ta kumbura don an bar ta a kan allon mota. Ka sauke diron batirinsa da zafi dole ka jira ya huce kafin caji, cajin kuma sai da gurup babba a daji, gurup sai da esansi, ga ƙurar hunturu mai laushi da ke shiga ko'ina ta cinye cikin injin. In farfela ɗaya ta karye ko wani ɗan kati ya ƙone wa ke da shi a Damagaram? Sai an aika Kano ko Dubai. Kuma kilomita 16 fa, daga nan zuwa Tanut kusan 150 ne, balle cikin dajin.

Alhaji Sale: To ba masu shan mai? Ga matatar SORAZ a bayan gari tun 2011, mai ai bai kamata ya zama matsalarmu ba.

Ibro daga Kanada: Akwai Alhaji. Na Windracers ɗin da Laminu ya faɗa da injin mai yake tashi, fukafukai gare shi irin na jirgin sama, kamfanin ya ce yana iya yin har kilomita 1,000. Akwai kuma wani a Kalifoniya, Parallel Flight, da ya haɗa injin mai da batir, nasu kilo 45 yake ɗauka ya daɗe a sama fiye da na batir zalla. Irin waɗannan ne suka fi kama da abin da zai yi aiki a wajenmu, ba don ruwa ba, don sintiri da kai kaya.

Bubakar Belbeji: Kai kaya kam zai yi amfani sosai. Abin da ke karya masu bugun wuta ƙishirwa ce, wallahi ba wutar ba. Mutum ya yi awa biyar yana bugu maƙogwaro ya bushe, ruwa yana can nesa a bayan jaki, dole ya bari ya koma. Lita 30 ɗin da kuke rainawa in ka zuba wa wuta ba ta san an yi ba, in ka sauke wa mutum 20 a bakin layi sun ƙara awa biyu suna aiki. Na biyu labari. Wurare da yawa ba rezo, sai mai Turaya, wayar nan ta tauraron ɗan adam, ko wanda zai hau moto ya nemi tudu ya kira, kafin a sanar da Tanut a nemo mota da mai an kwana. Kuma in kana cikin hayaƙi ba ka san inda kanta ya nufa ba, wani ya ce gabas wani ya ce kudu, mutane su rabu biyu. A samu wanda ke gani daga sama ya ce ku bar nan ku tare ta wajen rijiya kaza, akwai zango a gabanta ku kwashe su, wannan kaɗai ya isa ya ceci rai.

Nana Hadiza: Sannunku da hira, na karanta duka. Kan labari, tauraron ɗan adam ma yana gani, akwai shafin FIRMS na hukumar NASA kyauta ne kowa na iya buɗewa ya ga jajayen ɗigo inda wuta ke ci, cibiyar AGRHYMET a Yamai ma tana bin irin wannan. Sai dai tauraron wucewa yake 'yan lokuta a yini kuma bayanin na iya ɗaukar awa uku kafin ya fito, ga wutar ciyawa awa uku ta yi nisa. To diron zai cike wannan giɓin. Amma ni ɗaya ɓangaren nake son in taɓa, na gyaran ƙasa, don na ga ana ta yaɗa bidiyon diron yana harba irin itace ana cewa zai shuka miliyoyi. Mu da ke aiki da manoma a Matamaye da Magarya mun san ba shuka ce ta mayar da itace ƙasar nan ba, sassaben zamani ne. Manomi ya bar tohon da ke fitowa daga kututture, ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya sassabe sauran, ya tsare su daga awaki. Da haka aka samu wajen hekta miliyan 5 da itace kusan miliyan 200 a Maradi da Damagaram daga shekarun 1980 zuwa yau, ku bi hanyar Magarya ku ga gawo a cikin gonaki. Saiwar tana nan a ƙasa da ranta, ita ce ke jure fari. Iri da aka watso daga sama kan fako, tururuwa da tsuntsaye da gara sun gama da shi kafin ruwan farko, wanda ya tsira kuma akuya na jiransa.

Laminu: Anti to ba wani amfani ke nan a wannan ɓangaren?

Nana Hadiza: Akwai mana ƙanena. Inda aka riga aka haƙa rabin wata, wato ramukan nan masu siffar rabin wata da ake yi a fako, ruwa zai tsaya, watsa irin ciyawa a kan ɗaruruwan hekta cikin kwana biyun da suka dace bayan ruwan farko aiki ne mai wuya da hannu, diron na noma irin Agras T50 yana watsa kilo 50 a tashi ɗaya. Haka tuddan rairayin Gure da ake dannewa da shingen kalimbo don kada su binne kwaruruka, ɗaukar kaya zuwa kan tudu wahala ce ta gaske. Sai abin da ya fi min muhimmanci, awo. A ce an share layi kilomita kaza, an haƙa rabin wata kaza, wa ya je ya ƙirga? Hoton sama ba ya ƙarya, zai nuna wanda aka yi da wanda aka rubuta a takarda kawai, ya nuna inda garmani ya cinye makiyaya. Wannan kuwa ƙaramin diron ma ya isa.

Malam Isufu: Allah ya yi miki albarka 'yata. Akwai abu ɗaya da ba wanda ya ambata, tsaro. Mutanen arewa sun san diron ta wata fuska dabam, sun ga na sansanin Amurkawa a Agadas kafin su tashi a 2024. Ka tada babban abu yana ƙugi a kan zango ba sanarwa, raƙuma su watse, mutane su ɗauka wani abu ne, wani ma ya harbe shi. Dole izinin hukumar jiragen sama da na jami'an tsaro, dole hakimai da ardo-ardo su sani tun kafin a tashi.

Ibro daga Kanada: Ƙwarai Baba, kuma ko a inda aka saba da su ana samun matsala. A gobarar Los Anjalas ta watan 1 na 2025 wani ya tada ƙaramin diron ɗinsa don kallo, ya bugi fiffiken Canadair da lardin Kebek na nan Kanada ya aika taimako ya huda shi, jirgin ya yi kwanaki a ƙasa ana tsakiyar buƙatarsa.

Hajiya Rabi: Ni tambayata Malam, ciyawar da ake kwashewa a layin nan ta wa ce? Don in ana sayarwa mu mata masu kiwo muna so tun yanzu mu haɗa kuɗi mu saya mu ajiye, su kuma masu sharar su samu na hannu ba sai sun jira proje ba.

Malam Isufu: Ya danganta da yadda aka shirya da kwamitin garin Hajiya, wasu wuraren masu aikin ke rabawa, wasu a tara a rumbun ciyawa a sayar da bazara. Amma shawararki tana da kyau ƙwarai, in akwai mai saye tabbas tun watan 9 mutane za su fito da manjagara ko kuɗin sama bai iso ba.

Laminu: To ni ga abin da zan yi. Zan yi wa malamanmu na jami'ar André Salifou magana ko za a samu ɗalibai su rubuta tsarin gwaji ƙarami a wuri ɗaya, layi a ƙasa, ƙaramin diron mai kyamarar zafi yana leƙe, babba ɗaya yana kai ruwan sha da kayan aiki, a auna minti nawa daga ganin hayaƙi zuwa isowar mutane. Yaya Mahamadu ka taimaka da lissafin batir da gurup. Amma Baba ina nan kan bakana, wata rana sai an gwada na zuba ruwan ma a nan.

Alhaji Sale: In an tashi kai kaya arewa motata na zuwa Tanut duk ranar kasuwa, ba sai an biya ba. Ni dai mai shan man nan nake so a nemo.

Bubakar Belbeji: In da gaske kuke ku zaɓi wajenmu, zan yi wa ardo magana da kaina. Sai dai ku zo kafin iskar hunturu ta tashi, kuma Laminu ka taho da takalmi rufaffe saboda karangiya.